Yadda mai jego za ta dawo da ƙarfin tsokar ƙasanta bayan an yi mata ƙari

Ɗinkin ƙari yakan warke cikin 'yan makonni, zaren ma narkewa yake da kansa. Amma tsokar da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura ta sha miƙewa wajen naƙuda, kuma motsa ta na taimaka mata ta koma daidai. Shi ya sa fitsari ke kufce wa wasu in sun yi tari ko atishawa.

A kwana biyun farko, ki naɗe ledar ruwa mai sanyi a tsumma mai tsabta ki ɗora a wurin na minti 10, zai rage kumburi. Da zarar kina fitsari lafiya, kuma an cire miki robar fitsari in an sa, sai ki fara atisayen motsa tsokar.

Ki kwanta a gefe, gwiwoyi a lanƙwashe. Ki tsuke dubura kamar mai riƙe tusa a cikin mutane, sannan ki ja gaban sama ciki. Ki riƙe na daƙiƙa 2 ko 3, ki saki gaba ɗaya, ki huta daƙiƙa 5. Sau biyar ya isa da farko. Kullum ki ɗan ƙara har ki kai riƙon daƙiƙa 10 sau 10, ki bi shi da tsukewa da saki cikin sauri sau 10. A yi haka sau uku a rana, aƙalla wata uku. Lokacin shayarwa ya fi sauƙin tunawa.

Inda ake kuskure: ɗauke numfashi, matse ɗuwawu da cinyoyi, ko yin nishi ƙasa maimakon ja sama. Sakin ma rabin aikin ne. Tsokar da ke ɗaure kullum tana iya kawo zafi wajen kwanciyar aure. Kada ki riƙa gwaji da tsayar da fitsari, yana hana mafitsara zubar da shi duka.

Wankan jego kuwa, ruwan da za a taɓa wurin da shi ya zama mai ɗumi kawai, tafasasshe ƙona ɗinki yake. Kada a cusa komai, ko goggo ce ta kawo. Ki sha ruwa sosai, ki ci zogale da gwanda don bayan gida ya yi laushi, ki danne ɗinkin da ƙunzugu mai tsabta in kin tsuguna. Daka da ɗaukar jarkar ruwa a bar wa wasu har mako shida.

Zazzaɓi, wari, mugunya ko buɗewar ɗinki, asibiti za a nufa a ranar. In fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa, ko kashi na fita ta gaba, atisaye ba zai gyara wannan ba: akwai sashen masu yoyon fitsari a babban asibitin Jahun a jihar Jigawa da asibitin Murtala na Kano.