Yadda Nake Kula da Robar Madacin Umma a Gida

Wata bakwai ke nan da aka saka wa Umma roba a gefen cikinta na dama, daidai ƙasan haƙarƙari, kuma ni ce mai jinyarta a gidanmu na Unguwar Rogo a nan Jos. Ciwon daji ne ya tsiro a kan 'yar hanyar da ruwan madaci (wato ruwan maɗaciya, mai ɗacin nan) ke bi daga hanta zuwa hanji, ya toshe ta. Da ruwan ya rasa mafita sai ya koma cikin jini: ido ya yi rawaya, fitsari kamar shayin da ba madara, bayan gida fari-fari, ga ƙaiƙayin da ya hana ta runtsawa. Kowa ya ce shawara ce. Shawarar ce kuwa, amma ba irin wadda aka saba gani ba.

Likitoci kan buɗe wa ruwan hanya ta ɗayan biyu. Ko su bi ta baki da na'ura mai kyamara su ajiye 'yar roba ko ta ƙarfe a inda ya toshe, ko su huda fata su zura roba cikin hanta, ruwan ya riƙa zuba a jaka a waje. Ta biyun aka yi wa Umma a Abuja. Ranar da aka sallame mu, muka biyo hanyar Keffi da Akwanga ina rungume da jakar nan kamar jaririya, ina tsoron kowane rami.

Abu na farko da zan ce wa mai jinya shi ne ya sayi littafin rubutu da ma'aunin zafin jiki tun kafin ya sayi 'ya'yan itace. Hanta kan fitar da kamar rabin lita zuwa lita ɗaya na ruwan madaci a yini, amma kowane majinyaci da nasa adadin, kuma ba za a san na mutum ba sai an rubuta. Ni ina juye jakar sau biyu, bayan asuba da bayan magariba, cikin kofi mai awo wanda ba a komai da shi sai wannan. In rubuta mililita nawa, in rubuta launi. Na Umma yakan tsaya tsakanin 500 da 600, launinsa rawaya mai duhu, wani lokaci ya ja zuwa kore. Duk wannan lafiya ne. Abin da ba lafiya ba shi ne jini, ko ruwa mai kauri da wari, ko adadin ya faɗi farat ɗaya.

Jakar kullum ta kasance ƙasa da inda robar ta shiga jiki, don ruwa gangare yake bi. In Umma na zaune ina maƙala ta da fil a jikin zaninta wajen cinya, in ta kwanta in rataye ta a gefen gado, in bi robar da yatsa in tabbatar ba ta lanƙwashe a ƙarƙashin bargo ba.

Sai wanke cikin robar. Madaci yana da dauɗa-dauɗa da ke taruwa ta toshe hanya, shi ya sa aka koya mini in riƙa tura mililita 10 na ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, da sabon sirinji kowace safiya. Naku likitan ne zai faɗi adadi da sau nawa, kada a ɗauki nawa. A wanke hannu da sabulu, a sa safar hannu, a goge bakin ɗan famfon da ke jikin robar da sifirit, sannan a tura a hankali. Ba a zuƙo ruwan baya da sirinjin. In ya ƙi shiga, ko ta ce yana mata zafi, ko ya ɓullo ta gefen fata, a tsaya, kada a danna da ƙarfi, a kira nas. Ruwan famfo ko na leda ba ya shiga robar nan ko da an tafasa shi.

Bandejin ina canza shi duk bayan kwana biyu, ko nan take in ya jiƙe, domin madaci yana cin fata. Wanka kuma da tsumma muke yi a wajen, mu rufe shi da leda da filasta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Wani dare a watan Disamba, sanyin Jos ya sauko sosai, Umma ta fara makyarkyata har haƙoranta na haɗuwa. Na ƙara mata bargo, na ba ta farasitamol, na ce a raina hunturu ne, in ya yi yawa maleriya ce, da safe ma je kyamis. Yaya ne ya shigo ya ɗauki littafin yana dubawa, ya ce, "Ke ba ki ga wannan ba? Shekaranjiya 550, jiya 300, yau 150." Da hannuna na rubuta, amma ban karanta ba. Muka auna zafin jikinta, 39. Ƙarfe ɗaya na dare muka tashi maƙwabcinmu mai mota. Robar ce ta toshe, ƙwayoyin cuta suka taru a hanyoyin madaci, kuma irin wannan yakan shiga jini cikin sa'o'i kaɗan. Kwana biyar ta yi ana ba ta magani ta jijiya. Tun daga ranar dokar gidanmu ɗaya ce: zafin jiki ya kai 38, ko rawar sanyi, ko ido ya sake yin rawaya, ko ta fara magana ba kan gado, asibiti a daren, ba jiran wayewar gari. Farasitamol yana saukar da zafi ne kawai ya ɓoye abin da ke ƙasa.

Ruwan da ke zuba a jakar nan daga jikinta yake fita, da gishirinsa. In ba a mayar ba sai jiri, kasala da bushewar baki. Ina haɗa mata ruwan gishiri da sukari na fakiti ta riƙa kurɓa a hankali, ga kunu, ga farfesun kifi mara mai. Da yake madaci ne ke narkar da maiƙo, soye-soye da miya mai yawan manja suna ɓata mata ciki. Faten dankalin Turawa da gwaten acca su ta fi karɓa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Da azumi ya zo ta so ta ɗauka, sai da likita da limamin unguwarmu suka yi mata magana iri ɗaya sannan ta haƙura. Salla a zaune take yi, don sujada tana jan robar.

Masu dubiya kuwa, Allah ya saka musu da alheri, kusan kowa da ƙullinsa: saiwar rawaya, jiƙe-jiƙe, sassaƙe. Gwaggo har ta yi fushi da ni kwana biyu. Na ce mata, "Gwaggo, ki yi haƙuri, hanya ce ta toshe, jiƙo ba ya buɗe ta, kuma hantar ta riga ta gaji." Addu'a da tofi muna karɓa hannu bibbiyu. Abin sha kuwa, sai na nuna wa likita.

In robar ta zame ko ta fita gaba ɗaya, kada a mayar da ita. A rufe wurin da bandeji mai tsabta, a ɗauki robar a leda, a tafi a ranar, domin ramin yana saurin haɗewa, in ya haɗe sai an sake huda sabo. Ko ba ta fita ba, ana canza ta duk bayan wata biyu zuwa uku. Kuɗin canjin da na mota muke fara tarawa tun ranar da muka dawo daga na baya, Yaya da ƙannena kowa da abin da ya ɗauka.

Na ƙaiƙayi, na yanke mata farce, ina shafa mata mai bayan an goge jiki da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Ya ragu ƙwarai tun da ruwan ya samu hanya. Jiya da daddare ma sai da na leƙa ta sau biyu saboda shirun da na ji, na tarar barci take yi. Na duba robar, na auna goshinta, na rubuta 36.8 a littafin. Jakarmu ta asibiti tana nan a bayan ƙofa, da katinta, da takardun hoto, da bargo ɗaya.