Yadda za ka saurari kiɗan progressive metal ba tare da kanka ya juye ba

Ranar farko da wani abokina ya saka min Meshuggah, wata ƙungiyar masu kiɗan progressive metal, wato kiɗan jita da ganga mai ƙara da sarƙaƙiyar bugu, a iyafis ko minti ɗaya ban yi ba na cire na miƙa masa kayansa, na ce malam wannan ai injin markaɗe ne ya haɗiye cokali. Dariya kawai ya yi. Toh yau ga shi ni ne nake damun mutane da abin. Matsalata a lokacin ita ce kunnena bai san inda zai tsaya ba, kuma wannan abu ne da ake koya, ga yadda ni dai na bi.

Da farko ka kauce wa masu ihu tukunna. Yawancin mutanenmu muryar ce take korarsu, wannan gurnanin kamar an shaƙe rago. Saboda haka fara da waɗanda babu waƙa a kiɗansu kwata-kwata, misali Animals as Leaders, ƙungiyar Tosin Abasi, haifaffen Washington ne amma iyayensa 'yan Najeriya ne, kundinsu na farko ya fito a 2009. Jitarsa tsirkiya 8 gare ta maimakon 6 da aka saba, kuma wani lokacin da babban yatsa yake dukan tsirkiyar sai ka rantse ganga ce. Sannan don Allah kar ka ji a sifikar waya, ƙasan amon duk ɓacewa yake, ka nemi iyafis mai ɗan kyau ko da aro ne.

Mataki na biyu shi ne babba, nan ne duk sirrin yake. Ka manta da jita gaba ɗaya, ka bi hannun mai ganga. A yawancin kiɗan Meshuggah, 'yan garin Umeå ne a Sweden tun 1987 suke abu ɗaya, mai gangarsu Tomas Haake hannunsa na dama yana dukan faifan ƙarfen da ke cikin jerin gangunansa a daidai, 1, 2, 3, 4, ƙaramar gangar kuma ta faɗo a kan 3, ba ya canzawa ko sama da ƙasa za su haɗe. Ƙafafunsa da jitoci su ne suke yawon duniya. In ka kama wannan dukan na hannu ka fara gyaɗa kai da shi, wallahi sai ka ji hargitsin nan ya koma zagaye da kai kamar kana tsaye a tsakiyar kasuwa amma ka san hanyar gida.

Na uku, ka gwada da jikinka. Zauna, ƙafarka ta riƙa taka ƙasa kana ƙirga 1 zuwa 4 kana maimaitawa, hannunka kuma ya bugi cinya duk bayan taku 3. Za ka ga hannun yana faɗowa a kan 1, sai 4, sai 3, sai 2, sai a taku na 13 su sake haɗuwa a kan 1, wato zagaye ɗaya taku 12 ne. In ka mayar da hannun duk bayan taku 5 zagayen ya zama 20, in 7 ne ya zama 28. Abin da suke yi kenan, sai dai su da gudu suke yi, kuma sau da yawa ba sa jiran lissafin ya cika, sai su datse jelar kiɗan don kowa ya dawo kan 1 tare. Wannan dawowar ita ce daɗin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi, kowace taɓarya da lokacinta amma ba sa karo. Ni kwana 3 na yi ina dukan cinya kafin hannu da ƙafa su daina bin juna, har ƙanwata ta leƙo ta ce yaya lafiya kuwa.

Na huɗu, waƙa ɗaya tak za ka ɗauka ka yi ta maimaitawa, ba kundi guda ba. Ji na farko bi ganga, na biyu bi jitar bes, na uku ka saki jiki kawai. Waƙar Lateralus ta ƙungiyar Tool da ta fito a 2001 ta dace da wannan, don gaɓoɓin kalmomin baitin farko suna tafiya ne 1, 1, 2, 3, 5, 8, wato jerin Fibonacci inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, amshin kuma yana sauka daga bugu 9 zuwa 8 zuwa 7. Ba dole sai ka san wannan kafin ka ji daɗinta ba, amma ranar da ka ƙirga da yatsunka ka ga ya fito daidai sai tsigar jikinka ta tashi.

Akwai kuma su Dream Theater da suka haɗu a makarantar kiɗa ta Berklee a Boston a 1985, suna da wani kiɗa The Dance of Eternity na 1999 wanda ma'aunin bugunsa yake sauyawa fiye da sau 100 cikin minti 6 da 'yan kai. Gaskiya ni wannan bai cika kama ni ba, wani wurin sai in ji kamar nuna gwaninta ce kawai ake yi, kamar ɗalibin da ya haddace darasi yana so malam ya gani. Amma ka ji shi ko sau ɗaya ne.

Sai a ƙarshe ka koma wa masu ihun. Yanzu da kunnenka ya san inda 1 take, za ka lura muryar ma wata ganga ce, a kan bugu take faɗowa ba rera ta ake ba. Nan ne za ka saka Bleed ta Meshuggah daga kundin obZen na 2008, wadda Haake ya kwashe watanni yana horar da ƙafafunsa kafin ya iya buga ta, minti 7 da ɗoriya ƙafa kusan ba hutu. Rage ƙarar dai kaɗan, kunne ba shi da sifaya, kuma kar ka saka ta kana tuƙin babur, don ni na taɓa wuce kwanar gidanmu ina ƙirga 1, 2, 3, 4.