Darasi na Tara: Tayar da Tsohon Keke

A gidaje da yawa a Bauchi akwai keken da aka jingine a zaure ko bayan ɗaki, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa. Mafi yawansu ba mutuwa suka yi ba. Mai gadi, ko tela, ko manomi da ya gama girbi, zai iya mai da gyaransu sana'a ta biyu, daga bayan la'asar zuwa magariba. Gindin bishiya ya ishe ka shago.

Fara da sanin keken da ke gabanka. Duba tambarin da ke wuyansa. In ka ga kan zalɓe, Raleigh ne, wanda iyayenmu ke kira Rale. Asalinsa daga birnin Nottingham ne a Ingila, kuma an yi zamanin da ake harhaɗa shi a Kano. Phoenix daga Sin yake, Hero daga Indiya. Yawancinsu masu taya inci 28 ne da birkin ƙarfe. Sanin wannan yana da amfani, domin zaren notin tsohon Rale ya bambanta da na sauran. In ka ɗaura masa na wani keke da ƙarfin tsiya, zaren zai cinye, ka jawo wa mai keke asara.

Kada ka yanke kuɗi sai ka duba gangar jikin. Goge ta da tsumma, ka bi duk mahaɗar ƙarfe da ido da yatsa, musamman wuya da ƙasa inda feda ke juyawa. Tsatsar sama ba komai ba ce, sanfefa za ta ɗauke ta. Amma in akwai tsaga ko lanƙwasa, gaya wa mai shi gaskiya tun a nan: "Baba, wannan sai an kai wa mai walda tukuna."

Kayan aikin farawa ba su da yawa: sifana, filaya, sukudireba, guduma, famfo, giris da kananzir. Ana samun su a kasuwa, irin ta Wunti ko Muda Lawal. Notin da ya ƙi motsi, ɗiga masa kananzir ka bar shi ya kwana.

Wuri biyu ne sabon hannu ya fi yin ɓarna. Na farko fedar hagu. Zarenta a juye yake, saboda haka wanda bai sani ba yana ƙara ɗaure ta ne alhali yana zaton kwancewa yake yi. Riƙe wannan: ka sa sifana hannunta na kallon sama, ka tura ta wajen tayar baya. Haka fedar dama da ta hagu duk suke kwancewa.

Na biyu kota, wato 'yar ƙusar da ke riƙe hannun feda. Sassauta notinta har ya yi daidai da bakin ƙusar, kada ka cire shi. Tokare hannun fedar ta ƙasa da ƙarfe ko itace mai ƙwari, sannan ka buga sau ɗaya da ƙarfi. Bugun tsoro, kaɗan-kaɗan, shi ke tanƙwara ta, daga nan kuma aikin minti biyar ya ci maka yini.

In ka buɗe gindin feda, shimfiɗa tsumma a ƙasa, don ƙananan boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, suna zubowa su ɓace a rairayi. A tsohon Rale guda 11 ne a kowane gefe. Wanke su da kananzir, ka jefar da wanda ya ɓantare, ka cika giris ka mayar. Ƙurar hunturu da ta gauraya da tsohon giris ita ke cin su.

Ni a ganina, kada ka yi saurin shafe keken da sabon fenti. Tambayi mai shi. Wani mai keken, tambarin da zanen asali yake so ya gani, don keken mahaifinsa ne.

Aikin wannan mako: samu littafi ka ja layi huɗu. Rubuta sunan mai keke, da ranar da ya kawo, da kuɗin kayan da ka saya, da kuɗin aikinka. Sannan ka lissafa: in kowane gefe yana cin boris 11, guda nawa za ka saya don keke uku?