Babi na 7: Gane Kuben Wuƙar Soja na Jabu a Gwanjon Waya

Darasi na 1

Kube shi ne gidan wuƙa. A ƙauyukan Kano da Jigawa akwai gidajen da kakanninsu suka je Yaƙin Bama (ƙasar Burma, a Asiya) tsakanin 1943 da 1945, a rundunar Turawan Ingila, kuma masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai kauri a kan kayan soja na wancan zamani. Shi ya sa dillalai suka shigo, ana ta gwanjo a Facebook da WhatsApp da eBay. A gwanjo, wanda ya fi kowa taya shi ke ɗauka.

Ƙarfe yana daɗewa, fata ba ta kai shi. Gara ta ci, damina ta jiƙa, ɓera ya gwaguye. Saboda haka sau da yawa wuƙar ta asali ce, kuben ne sabo. Ɗinka sabon kube ba laifi ba ne, sana'ar dukawa ce. Laifin shi ne a dafe shi a ce tsoho ne.

Darasi na 2: Hoton baya

'Yan'uwa, a natsu a nan, don nan aka fi faɗuwa. Mai kaya yakan sa hoto ɗaya, na gaba, inda kuben ya fi kyau. Kada ka taya. Ka ce ya turo maka hotuna huɗu, waɗanda aka ɗauka a hasken rana: bayan kuben, bakinsa inda wuƙa ke shiga, ƙarshensa na ƙasa, sai wurin da aka buga hatimi. A cikinsu na baya ya fi muhimmanci, domin yawanci a can ɗinki yake.

Hoton ya zo. Taɓa shi sau ɗaya ya cika fuskar waya. Ɗora babban yatsa da manuniya a tsakiyarsa, a haɗe, sannan ka ware su a hankali. Hoton zai ƙara girma. In ya tsere, ba ka ɓata komai ba, taɓa shi ka sake. Yatsu biyu, a haɗe, a ware. Wanda bai taɓa yi ba hannunsa kan yi nauyi da farko, ba komai, yau da gobe zai saba. Ajiye littafin yanzu ka gwada da kowane hoto da ke wayarka.

Ka buɗe? To dubi zaren. Na da auduga ne ko lilin, an shafe shi da kaki. Ba ya ƙyalli, ya nutse cikin fata, ya yi dauɗa iri ɗaya da ita. Zaren roba na yanzu yana sheƙi, yana zaune a saman fata fes. In fata ta yi baƙi ƙirin amma zare fari ne tas, an gama magana.

Sannan dubi inda ya goge. Kuben da soja ya rataya yana cinyewa a baki, da wurin ɗamara, da ƙarshe inda yake bugun ƙasa. Sauran jikinsa da sauƙi. Mai jabu kuwa yakan bi ko'ina da takarda mai yashi ta kafintoci, ya shafa man takalmi ko baƙin mai, wani ma ya binne shi a ƙasa kwana biyu. Sai tsufan ya zama bai ɗaya daga sama har ƙasa, har da lungun da hannu ba ya kaiwa. Duk wannan ba ya fitowa a ƙaramin hoto. Sai an nemi na baya, an buɗe shi da yatsu biyu.

Haba jama'a! Mutum zai je kasuwar Maigatari ko ta Wudil, ya buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora kafin ya taya, amma ya tura kuɗin buhun gero a kan hoto ɗaya da bai ko buɗe ba. Wasu kunyar tambaya suke ji, kada mai kaya ya ce sun raina shi. Kuɗinka ne. In ya ce hoton baya ba ya tashi, ko caji ya ƙare, ko wani na jira, bar masa kayansa. A sake faɗa tare: hoton baya, yatsu biyu, zare.

Darasi na 3: Ƙarfe da hatimi

Wuƙar bakin bindiga ta Ingila samfurin 1907 doguwa ce, ruwanta inci 17. Kubenta fata ne mai ɗinki a baya, da ƙarfe a baki da ƙarshe. Lambar 1907 da ke jikin wuƙar sunan samfuri ne, ba lallai shekarar da aka ƙera ta ba. Kayan sojan Ingila suna da alamar kibiya, layi uku da suka haɗu kamar sawun kaza. Amma kowane maƙeri zai iya sara irin wannan hatimi, don haka shi kaɗai ba shaida ba ne. Tsohon hatimi ya dushe tare da fata, dauɗa ta cika shi. Sabo gefensa kaifi ne, cikinsa tsaf.

Wuƙar Amurka mai suna M3 ta fito a 1943. Kubenta na farko, M6, na fata ne, daga baya aka koma M8 mai tauri, kore, mai bakin ƙarfe. Wanda ya ce maka M8 na yaƙin 1914 ne, ko bai sani ba ko ya san abin da yake yi.

Bambancin tsohon hatimi da sabo ma sai an buɗe hoto za a gani.

Darasi na 4: In kaya ya zo hannu

Shinshina. Warin sabuwar jima ko man takalmi alama ce mara kyau. Haska zaren da tocilan duba kuɗi a ɗaki mai duhu: farin zaren yanzu yakan yi haske shuɗi. In akwai silin da ya fito, da izinin mai kaya, yanke kaɗan ka kusantar da ashana. Auduga takan zama toka, roba takan narke ta dunƙule.

Darasi na 5

A tallan Turanci, nemi waɗannan kalmomi: repro, replica, copy, style. Duk suna nuna kwaikwayo ne. Kwafe su a littafinka. In ba ka iya karanta sauran ba, ba yaro ya karanta maka har ƙasa. Kada ka biya duka kafin ka ga kaya.

Aikin gida: ɗauki hoton bayan kuben wuƙar gidanku, buɗe shi, ka zo ka faɗa wa aji irin zaren.