Yadda ake karatun Tarihi a jami'a, daga digiri na farko zuwa digirin digirgir

Ɗalibai da yawa kan shigo Sashen Tarihi da zaton aikin hadda ne: sunayen sarakuna, shekarun yaƙi, wa ya gaji wa. Wannan zato shi ke kayar da su tun zangon farko. Malamin jami'a hujja yake nema: ina ka samo maganar, wa ya faɗe ta, yaushe, kuma me ya sa ya faɗa haka. Mai zaune a Kaduna kuwa ya tsinci dami a kala, domin manyan rumbunan takardun tarihin Arewa suna cikin garin, Zariya kuma ba nisa.

Shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da Tarihi ko Gwamnati. Da yake sakandare da dama ba sa koyar da Tarihi, yawancin ɗalibai da Gwamnati suke shiga. A jarrabawar JAMB sai ka ɗauki Ingilishi, Tarihi ko Gwamnati, da wasu darussa biyu na ɓangaren Arts ko zamantakewa, amma ka duba ƙasidar JAMB ta shekarar kafin ka cike fom, don kowace jami'a da sharaɗinta. Karatun shekara huɗu ne. Mai NCE ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) yakan fara daga aji biyu, ya yi uku. Akwai sashen a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, akwai kuma a Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004.

Shekaru ukun farko

Za a yi maka tarihin Najeriya kafin 1800 da bayanta, tarihin Afirka, Turai, Amurka da Gabas ta Tsakiya, da tarihin tattalin arziki. Kwasa-kwasan da suka fi duka muhimmanci, waɗanda kuma ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, su ne na dabarun bincike da na nazarin yadda ake rubuta tarihin kansa. A nan ne za ka ga yadda masanin tarihi Abdullahi Smith ya tuhumi labarin Bayajidda a matsayin bayanin kafuwar ƙasashen Hausa, da yadda takwaransa Yusufu Bala Usman ya nace cewa a binciki kowace majiya, ta Bature ce ko ta malamin fada. Wanda ya yi sake da waɗannan, zai ji a jikinsa a aji huɗu.

Maki kuma tun daga aji ɗaya ake tara shi. A ma'aunin maki biyar, 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama. Kwas ɗaya da ka faɗi ka maimaita yakan ja matsakaicin makinka ƙasa. A ɗakin jarrabawa, idan an ce ka tattauna dalilan faɗuwar Sakkwato a 1903, kada ka kama ba da labarin yaƙin tiryan-tiryan. Faɗi matsayinka a sakin layi na farko, sannan ka kawo dalilai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa.

Kundin kammalawa

Kuskure na farko shi ne ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka. "Tarihin Kaduna" ba taken kundi ba ne, aikin rayuwa ne. Ka taƙaita shi ta fuska uku: wuri, batu, da lokaci. Misali, rayuwar ma'aikatan masaƙun Kakuri daga 1957, shekarar da masaƙar farko ta fara aiki, zuwa 1980. Ko kuma yadda wata unguwa ta bunƙasa bayan an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Shekarar farawa da ta tsayawa dole kowacce ta zama da dalili, domin ita ce tambayar farko da za a yi maka ranar kare kundi. Kafin ka kai wa malami mai duba aikinka taken, leƙa ɗakin karatu na sashe ka ga ko wani ya riga ka.

Daga nan sai neman majiya. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ka nufi Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna. Fayilolin an jera su ne bisa ofishin da ya samar da su: SNP na Sakataren Lardunan Arewa ne, ZARPROF na Lardin Zazzau, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato. Ka fara da kundin jerin fayiloli, ka fitar da lambobin da kake so, sannan ka nema a ɗauko maka. Rahotannin tantance haraji na gundumomi suna da daraja ƙwarai, don a ciki ake samun yawan jama'a, sana'o'i, kasuwanni da dabbobi. Duk fayil da ka buɗe, rubuta cikakkiyar lambarsa da takensa da shekararsa a saman shafin littafinka kafin ka kwafi ko kalma ɗaya. Ɗalibi kan dawo gida da hotuna ɗari uku a waya, bai san wanne ya fito daga wane fayil ba, aikin mako biyu ya bi ruwa. Ka tambayi ma'aikata ƙa'idar ɗaukar hoto, ka kuma juya shafi a hankali, don takarda mai shekara ɗari tana karyewa kamar busasshen ganye.

Ka tuna wanda ya rubuta. Di'o Bature ne da ke magana ta bakin tafinta, yana kuma son Razdan ya ga ya iya aiki. Talaka kuwa ya san ƙidaya haraji take jawowa, saboda haka yakan ɓoye shanu da 'ya'ya. Alƙaluman suna da amfani, amma sai an gwada su da wata majiya.

Sai Arewa House da ke kan titin Rabah, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. A can akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami, kundayen digiri da tsofaffin jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, New Nigerian a 1966, kuma wasiƙun masu karatu da ke cikinsu sukan faɗi abin da rahoton gwamnati ya yi shiru a kai.

Hira da dattawa

Kada ka faɗa gidan mutum da na'urar ɗaukar murya a hannu. Nemi wanda zai yi maka iso, ka je ka gaisa, ka faɗi abin da ke tafe da kai, ka nemi izinin ɗaukar magana. Kada ka sa masa amsa a baki. Maimakon "Baba, ashe Turawa sun zalunce ku?", ka ce "Baba, yaya ake biyan haraji a lokacin?" Dattawa ba sa riƙe shekara da lamba, saboda haka ka ɗaure maganar da abin da kowa ya sani: kafin kisan Sardauna a 1966 ne ko bayansa, lokacin Yaƙin Basasa ne, ko bayan canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Rubuta sunansa, shekarunsa, sana'arsa, wurin hira da ranarta. Ka ji ta bakin mata, ka ji ta bakin waɗanda ba 'yan fada ba. Labarin da mutum ɗaya kaɗai ya ba ka, ka ambace shi a matsayin nasa.

Digiri na biyu da na uku

Ana neman takardar bautar ƙasa, da sakamakon da bai gaza daraja ta biyu ƙarama ba. Wanda ya fito daga wani fanni ko makinsa bai kai ba, yakan bi ta babbar difloma. Digiri na biyu yakan fara da shekara guda ta kwasa-kwasai, sai gabatar da tsarin bincike a gaban malamai, sai fita fili, sai taron sashe, sannan kare kundi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Digirin digirgir ba ya gaza shekara uku, kuma jami'o'i da dama na son 3.50 ko fiye a digiri na biyu. A wannan mataki ba a karɓar maimaicin abin da aka riga aka rubuta. Babin bitar ayyukan magabata shi ne inda za ka nuna giɓin da suka bari. Jera "wane ya ce, wane ma ya ce" ba bita ba ce. Kwafe daga intanet kuwa manhajar gano satar rubutu tana kama shi, hukuncin kuma yakan kai ga kora.

Idan ƙarni na 19 za ka bincika, fara koyon Larabci da karatun ajami tun kana aji biyu, don dogaro da fassarar wani yakan gadar maka da kurakuransa. Rubuce-rubucen masu jihadi da shekarar Hijira suke. Don kimantawa, ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622: 1218 za ta ba ka tsakanin 1803 da 1804, kuma a ƙarshenta Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Lissafin kan kauce da shekara guda, saboda haka idan takardar ta ambaci wata da rana, ka tabbatar a jadawalin sauya kwanan wata kafin ka sa a kundi.