Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa kejin rodi sifesa a turakun kankare

Turken kankare, wato ginshiƙin da ake haƙa wa rami mai zurfi a zuba a ƙarƙashin gada ko dogon bene, ya sha bamban da sauran sassan gini ta fuska guda. Ginshiƙin da ke sama, idan aka ɓamɓare katako ana iya ganin inda rodi ya leƙo, a yi masa magani. Na cikin ƙasa kuwa, daga lokacin da keji, wato rodin da aka ɗaɗɗaure wuri ɗaya da zobba, ya nutse a rami babu idon da zai sake ganinsa. Abin da ke riƙe shi a tsakiya, ya hana rodi jingina da ƙasa, shi ne sifesa: 'yan tayoyi ko sanduna na kankare ko roba da ake ɗaurawa a jikin keji ta waje. Masu aiki da yawa suna kiran na siminti biskit.

Aikinsa shi ne tabbatar da lulluɓi, wato kaurin kankaren da ke tsakanin rodin da ya fi kusa da waje da bangon rami. Kankare mai kyau yana da kaifin alkali, ma'auninsa na pH ya kai kusan 13, kuma wannan ne ke hana ƙarfe tsatsa. Idan lulluɓi ya yi siriri, ruwan ƙasa da gishirin da ke cikinsa za su iske rodi da wuri. Tsatsa tana cin wurin da ya ninka na ƙarfen da ta cinye sau biyu ko fiye, sai ta tura kankaren ya tsage, tsagar kuma ta buɗe wa ruwa ƙofa.

Ƙa'idar Turai ta aikin turakun da ake haƙawa, EN 1536, ta ce lulluɓi kada ya gaza milimita 50 a turken da faɗinsa bai wuce milimita 600 ba, ko 60 a wanda ya fi haka. Ana ƙara shi zuwa 75 idan ƙasar mai laushi ce kuma ba a sa kesin (bututun ƙarfen da ke tare bangon rami) ba, ko idan za a tura kejin ne bayan an zuba kankare. Ƙa'idar Amurka ta ACI 318 ma 75 ta ɗora wa duk kankaren da aka zuba kai tsaye a jikin ƙasa. Zanen injiniya shi ke da magana ta ƙarshe, amma waɗannan lambobi su ne ma'aunin da za mu yi lissafi da su a nan.

Lissafin faɗi, inda aka fi tafka ɓarna

Kuskure na farko yana faruwa tun kafin a yanka rodi. Ana auna lulluɓi daga manyan rodin tsaye, a manta cewa zoben da ke kewaye su shi ne a waje. Idan zoben mai milimita 10 ne, an riga an ci 10 daga cikin 75 tun ba a fara ba. Awo daga bayan zobe ake fara shi. Tayar da za a zura a zobe mai milimita 10 don ta ba da lulluɓin 75 dole faɗinta ya kai 160: 75 ta wannan gefe, 75 ta wancan, da 10 na ramin tsakiya. Wanda ya sayi taya mai faɗin 75 yana zaton lambar lulluɓi ce, bai sami ko rabin abin da yake nema ba. Sai an duba ko lambar da ke jikin kwali tana nufin faɗin taya ne ko kaurin lulluɓi, sannan a ɗora tef a auna guda ɗaya da hannu.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ya shafi kesin, bututun ƙarfen da ake kafawa don hana bakin rami rushewa. A ɗauki kesin mai faɗin 880 ta waje da 800 ta ciki. Barimar da za ta ratsa cikinsa ta ci gaba da haƙa ƙasa ba za ta wuce kamar 780 ba. Ke nan turken yana da faɗi biyu: 880 a sama inda kesin ya zauna, 780 a ƙasa inda babu shi. Idan aka cire 150, wato 75 kowane gefe, daga 880 aka ƙera keji mai faɗin 730, a sama komai daidai, amma a ƙasa abin da ya rage kowane gefe milimita 25 ne kacal. Tayar da ke ba da lulluɓin 75 ba za ta ma shiga ba, kuma a irin wannan lokaci ne ake jin wani ya ce a cire tayoyin kawai don aiki ya ci gaba. Faɗin keji daga mafi ƙuncin wuri a ramin ake lissafa shi.

Sannan a bar ɗan sarari. Keji mai faɗin 630 da taya mai 75 a kowane gefe ya cika 780 cif, kuma ramin da aka haƙa a ƙasa ba ya taɓa zama santsi kamar bututu. Zai maƙale a hanya, ko ya dinga kankare bango yana zubar da ƙasa a gindin ramin da aka riga aka share. Gyaran shi ne a rage kejin, ba sifesa ba: keji 610, taya 75, jimla 760, saura milimita 10 kowane gefe. Ko kejin ya karkata ya jingina da bango, 75 ɗin tana nan.

Abin da ake ɗaurawa

Gutsuren bulo, dutse, katako da guntun rodin da aka yi wa walda ya miƙe waje, duk ana ganinsu, kuma babu wanda ya dace. Katako yana shan ruwa ya kumbura, daga baya ya ruɓe ya bar rami. Bulo soso ne, ruwa yana ratsa shi har jikin ƙarfe. Guntun rodi ya fi su duka illa, domin kansa yana taɓa ƙasa, tsatsa ta kama shi ta bi shi har cikin keji kamar yadda wuta ke bin lagwani.

Biskit ɗin da ake kwaɓawa a wurin aiki ba laifi ba ne idan an yi shi yadda ya kamata. Matsalar ita ce yawanci ragowar kwaɓin yashi da siminti ake zubawa a gwangwani, a shanya a rana, washegari a ɗaura. Irin wannan yana murƙushewa da keji ya bugi bakin kesin. Sifesa na kankare ya kamata ƙarfinsa da toshewarsa su kai na kankaren turken, a yi shi da ƙananan tsakuwa, a jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, a kuma yi shi a cikin mazubi mai awo ɗaya don kada wani ya fi wani kauri.

Na roba suna da nasu tarko. Siririyar tayar da aka ƙera don bango ko ginshiƙin sama ba ta da ƙarfin ɗaukar keji mai nauyin tan ɗaya ko biyu yana gogar bango tsawon mita 20. Wadda ta daɗe a rana tana bushewa ta yi ƙas, ta fashe da ɗan bugu. Bakin da ke kama rodi kuma yana da girmansa: na milimita 12 a kan zobe mai 8 zai yi ta lilo har ya sulluɓe, na 8 a kan 12 sai an danna shi da ƙarfi ya tsage.

Irin ƙasar ma tana da ta cewa. A dutse ko cikin kesin, taya kowace iri tana gangarawa lafiya. A yumɓu mai laushi, siririyar taya tana yanka bango ta nutse kamar wuƙa, keji ya bi ta ya jingina. Nan sai taya mai faɗin baki, ko doguwar sanda mai lanƙwasa a kai da gindi wadda ke zamewa a jikin bango tana raba nauyi.

Yawa da jeri

EN 1536 ta ce a sa sifesa aƙalla guda 3 a kowane mataki na tsayin keji, a raba su daidai a kewayen keji, kuma tsakanin mataki da mataki kada ya wuce mita 3. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Turke mai faɗin mita ɗaya ko fiye yana buƙatar 4 zuwa 6, kuma keji mai siraran rodi da ke lanƙwasa cikin sauƙi ya fi son mataki kowace mita 2. Biyu a mataki, ɗaya na kallon ɗaya, ba sa hana keji kaɗawa ta ɗaya ɓangaren. Idan 3 ake sawa, yana da kyau a juya mataki na gaba da digiri 60, yadda tayoyinsa za su faɗa a tsakanin na ƙasa.

Wurare uku ake yawan mantawa. Akwai kusa da gindin keji, wanda shi ke fara shiga yana neman hanya. Akwai wurin haɗi, inda rodin keji na sama da na ƙasa suka hau juna suka yi kauri, ga shi nan ne keji ke karyewa ya yi gwiwa. A sa mataki ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Na uku shi ne kai. Tunda za a fasa kankaren saman turke a zubar, wasu suna ganin asara ce a sa sifesa a can. Amma mitocin farko da ke ƙasa da inda za a yanke su ne suka fi shan ƙarfin lanƙwasa, kuma a nan ruwan ƙasa ke hawa da sauka, iska na shiga, tsatsa ta fi saurin kamawa. Dole a sami mataki guda daf da ƙasan layin yanka.

Turken da aka haƙa a karkace yana ɗora nauyin keji a gefe guda. Gefen ƙasa sai an ƙara masa yawa, kuma da masu ƙarfi.

Yadda ake ɗaurawa da saukarwa

Taya a jikin zobe take zama, don ta juya sama da ƙasa yadda keji ke tafiya. Idan aka zura ta a rodin tsaye, ta kwanta ke nan: ba ta juyawa, sai dai ta dinga share bango kamar fartanya har ta karye ko ta zame sama, a tarar da uku sun taru wuri ɗaya. A zoben ma, a sa ta kusa da rodin tsaye, a ɗaure mahaɗar da ke gefenta da waya ninki biyu. Idan tana tsakiyar tazarar rodi biyu, zoben ne zai lotsa ciki idan ta sha matsi. Bakin wayar ɗauri a lanƙwasa shi ya kalli cikin keji, domin wanda ya miƙe waje ƙaramar hanyar tsatsa ce.

Lokacin ɗaurawa ma abin lura ne. Keji yana kwance a ƙasa, an sa masa tayoyi, sai a mirgina shi ko ƙugiya ta ja shi kafin ta ɗaga. Na gefen ƙasa duk sun farfashe kafin ya isa bakin rami. Tayoyin da ake maƙalawa an fi sa su yayin da keji ke rataye yana sauka, a tsayar da shi a kowane mataki, mutum ya maƙala, a ci gaba. Waɗanda sai an zura su tun wajen ƙira, a ɗora kejin a kan katako mai tsayin da zai hana su taɓa ƙasa, a ɗaga shi ta wurare biyu ko fiye. Ko ta wace hanya aka bi, a sa mutum ɗaya a bakin rami yana ƙirga su suna wucewa.

Idan keji ya tsaya a hanya, kada a sake shi ya faɗa da nauyinsa, kada kuma a danna shi da bokitin injin haƙa. A fito da shi, a duba abin da ya tare, a sake share gindin rami.

Gindin kejin kansa ba a ajiye shi a kan ƙasa. Ko dai a rataye shi daga bakin kesin da sandunan ƙarfe a tsayin da zane ya nuna, ko a sa wa ƙarshen rodin tsaye takalman roba ko na kankare. EN 1536 ta yarda saman keji ya kauce wa matsayinsa da milimita 150 sama ko ƙasa, ba fiye ba. Kankaren da ke tasowa daga bututun tiremi, wanda ake zura shi har gindin rami a zuba kankare ta cikinsa, yana iya ɗaga keji, musamman a farkon zubi idan aka yi sauri, haka ma kesin idan ana zare shi alhali tayoyi sun matse a cikinsa. A yi alama a rodi ɗaya, a dinga auna ta kafin zubi, lokacin zubi, da bayan an zare kowane gaɓa na kesin.

A turakun da ake tura kankare ta cikin barima sannan a nutsa keji daga baya, manyan tayoyi masu toshewar jiki suna hana shi shiga. Siraran sanduna ko tayoyi masu ramuka sun fi dacewa, a ɗan tsuke gindin kejin, a kuma nutsa shi nan take tun kankare bai fara kamawa ba.

Idan an riga an zuba

Gwajin guduma da ake yi a kan turke yana nuna karyewa ko tsukewar jiki, amma ba ya faɗin ko keji yana tsakiya. Wurin da za a gani da ido shi ne bayan an fasa kai. A auna lulluɓi a wurare huɗu a kewaye, a rubuta. Idan gefe ɗaya 30 ne ɗayan 120, kada a gasa rodi da wuta ko a doke shi da guduma don ya dawo layi, kuma kada a shafe wurin da siminti a rufe. A kai wa injiniyan da ya yi zanen lambobin. Yana iya sa a haƙa kewaye a ci gaba da fasawa har inda lulluɓi ya daidaita a sake zubawa, ko a yi wa kan turken kwala ta kankare mai faɗi, ko a ƙara wani turke a gefensa idan karkatar ta yi nisa.