Yadda za ku raba jinyar tsoho a gida kar a bar wa mace ɗaya

A gidajenmu na Makka da Jidda ranar da Baba ya faɗi ko shanyewar ɓarin jiki ta kama Hajiya kowa zuwa yake, asibiti ya cika ana ta sannu ana kawo lemo da madara, amma bayan sati biyu in ka leƙa ɗakin mutum ɗaya za ka tarar, kuma mace ce. Ba kowace mace ba fa, wadda ba ta da bakin cewa a'a: bazawarar gidan, ko matar ƙaramin ɗa, ko 'yar riƙon da aka kawo daga Kano ko Damagaram tun tana ƙarama. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 cewa kashi 76 cikin 100 na awannin aikin kula da iyali da ba a biya, mata ne ke yi, mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Toh mu namu ma sai an ƙara da maganar takardar zama a Saudiyya.

Kafin a kira zaman komai, a samu littafi da biro a ajiye kusa da gadon mara lafiya sati guda cur. Duk wanda ya yi wani abu ya rubuta sunansa da lokaci. Canza famfas, wanka, juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, gwada suga, allurar insulin, dama kunu, wankin zanin gado, taya shi alwala ko taimama, tashin ƙarfe uku na dare da ya kira suna. Har zaman hira a rubuta, ai aiki ne. Dalilin littafin shi ne in ba a rubuce ba, Yaya babba zai ce "ai duk muna yi", kuma wallahi har ransa haka yake gani tunda shi ya biya kuɗin magani.

Sai a zauna, waɗanda ke Najeriya ko Nijar a sa su ta WhatsApp. Kar a bar mai jinyar ta fara magana, kunya za ta sa ta ce ba komai, lada take nema. Wani ya karanto littafin kawai.

Wurin rabo kar ku ce kowa ya taimaka, wannan maganar ba ta kai sati. A ɗora wa kowa aiki da sunansa da ranarsa. Maza kuma a daina tsayar da su a tuƙi da biyan kuɗi. In uba ne a kwance, wankansa da tsarkinsa 'ya'yansa maza ya kamata su yi, don me za a bar matar ɗa tana buɗe tsiraicin surukinta alhali ga ƙarti uku a falo suna kallon ƙwallo? Malamai da dama sun bayyana cewa hidimar iyaye a wuyan 'ya'yansu take, abin da suruka ta yi kyautatawa ce. Ɗaga tsoho daga gado zuwa keke ma aikin ƙarfi ne, mata nawa ne bayansu ya lalace a nan. Kwanan dare a yi shi karɓa-karɓa, mai aikin safe ya ɗauki daren Alhamis ko Juma'a.

Yanzu maganar da ba a son yi. A dangi ɗaya za ka samu mai jinsiyya, wato ɗan ƙasar Saudiyya, da mai igama, wato takardar izinin zama, da wadda tata ta mutu ko ba ta taɓa samu ba, kuma jinya kan gangaro ne kan ta ƙarshen, wai tunda ba ta iya fita aiki sosai ai tana gida. Ko a kasuwar 'yan aikin gida haka abin yake, albashi fasfo yake bi, 'yar Filifin ta fi 'yar Yuganda ko Habasha kuɗi a kan aiki iri ɗaya, to kar mu kwaso wannan mu shigo da shi cikin zumunci. Wata kuma da rana tana aikatau a gidan Larabawa tana jinyar tsohuwarsu, da dare ta dawo ta yi ta gida, 'ya'yanta suna can ƙasarsu wajen kakarsu tana tura musu riyal. Wata masaniya a Amurka, Arlie Hochschild, ta yi rubutu a 2000 kan wannan sarƙar, mace ta bar nata ta je kula da na wasu, wata macen da ta fi ta talauci ta riƙe mata nata. In akwai irin wannan a gidanku ita ce ta farko da za a sauke wa kwanan dare.

In dai dole mutum ɗaya ce za ta zauna, a yanka mata kuɗi duk wata, a fili, kowa ya san nawa yake sawa, kuma kuɗinta daban kuɗin magani da famfas daban, don in aka haɗa nata ne ke narkewa. Wasu za su ce ya za a biya mutum don ya kula da uwarsa? Ita fa ta ajiye sana'arta ne ku kuna ci gaba da taku. A ba ta hutun yini guda a sati ta fita ta je harami ko gidan ƙawa, tunda ko dokar 'yan aikin gida ta ƙasar nan ta ba su wannan.

A manna takarda a jikin firij: sunayen magunguna da lokutansu, 997 na motar asibiti, 937 na Ma'aikatar Lafiya don tambayar likita ta waya, da lambar wanda ke da kwanan ranar. Ganin likita da bin manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya a ba wa mai takarda lafiyayya da mota. Bayan wata ɗaya a sake buɗe littafin a ga wa ya zame, wanda ya tsallake darensa sau biyu ya biya wadda ta tsaya masa.